Kujera Biyu a Garejin Manase

Shekara ashirin da ɗaya Kelepi yana sayen mota a Sydney, amma har yau bai san daɗin mallakar mota ba. Shi dai nasa ya biya kuɗi a rubuta sunansa a takarda, daga nan kuma sai dangi. Bas ɗinsa ta farko coci ce ta gaje ta tun yana raye: ranar Lahadi mawaƙa, ranar Asabar gasasshen alade da buhunan gwaza, in an yi rasuwa a unguwar Mount Druitt kuwa tabarmi har rufi. Ya sayar ya sayi akori-kura, sai ya zama mai kwasar kayan duk ɗan Tongan da zai canja gida. Ta yanzu, mai kujera takwas, sati uku ke nan tana hannun Sitaleki ɗan baffansa, wanda ya are ta na awa ɗaya. Kelepi kuwa jirgin ƙasa yake bi zuwa wurin aiki. Kuma ba ya iya cewa a'a. Wa ke iyawa a cikinmu, mu 'yan tsibirin Tonga? Ka hana ɗan'uwa mota ka gani, kafin Lahadi labarinka ya je can gida Nuku'alofa, babban birninmu, ya dawo.

Saboda haka da ya ga tallar wata tsohuwar motar tsere, ruwan ɗorawa, mai rufin da ake naɗewa, ba gudunta ne ya tafi da hankalinsa ba. Kujerun ya ƙirga: biyu rak. Ba ta ɗaukar alade, ba ta ɗaukar mawaƙa, but ɗinta ko tabarma ɗaya ba zai ci ba. Mutum ɗan shekara arba'in da bakwai, ya zauna a kantin cin abinci na ma'aikata yana kallon hoton mota a waya har shayinsa ya huce. Yana son abu guda ɗaya a duniya wanda zai ce nasa ne, kuma ya kwana a ƙofar gidansa.

Matarsa Vika ba ta hana ba. Ta ce sharaɗinta ɗaya, sai bakanike ya duba ta ciki da bai kafin a ba da ko sisi. Bakaniken da Kelepi ya yarda da shi kuwa Manase ne, abokinsa tun suna yara, wanda suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a layin baya na mawaƙan coci. Kelepi ya ja shi gefe ranar Alhamis, ya rantsar da shi kada kowa ya ji.

Ba dangi duka yake tsoro ba, mutum ɗaya ce: Gwaggo Lesieli, yayar mahaifinsa. A wurinmu babu wanda ke gaba da gwaggo. In ta ga abu a hannun ɗan ƙanenta ta ce, "Wannan abu ya yi kyau," to an gama, ya zama nata, kai ne ma za ka yi godiya. Haka ta yaba talabijin ɗin Kelepi, haka ta yaba agogonsa, haka ta yaba firjinsa da naman da ke ciki.

Ranar Asabar da hantsi mai motar ya kawo ta garejin da kansa. Sunansa Neville, wani dogon Bature mai furfura daga Penrith, tsohon malamin koyar da aikin kafinta. Gwiwa ce ta raba shi da motar, ya ce shiga ba wuya, fitowar ce take neman ransa. Ya miƙa wa Manase mukulli ya ce, "Ka duba da kyau, aboki. Ko mene ne ka gani, ka faɗa. Ba na son in sayar wa mutum matsala."

Manase akwai surutu, amma in ya kama aiki ba wasa. Ya buɗe bonet ya taɓa inji, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina. Ya ɗauko ɗan maganaɗisu ya bi jikin motar kaf, don in an taɓa cike wani wuri da kwaskwarima ba zai kama ba. Ya ɗaga kafet yana neman laka, saboda tun bayan ambaliyar bara ake shigo da motocin da suka sha ruwa ana wanke su a sayar wa marasa wayo. Ya ɗaga motar sama ya shiga ƙarƙashi da tocila, yana ƙwanƙwasa nan yana girgiza can. Kelepi na tsaye ya haɗa hannuwa a ƙirji, yana leƙa fuskarsa duk lokacin da Manase ya ce "hmm".

Bayan awa guda ya sauke ta, ya goge hannu.

"Kelepi, shekara goma sha takwas ina wannan aiki, ban taɓa ganin tsohuwar mota mai lafiyar wannan ba. Robar goge gilashi ɗaya ce ta cinye, sai wani ƙaton gizo-gizo a bayan madubi. Shi ma lafiyarsa ƙalau."

Neville ya yi dariya. Kelepi ya ji daɗi, ya buɗe baki zai ce a kawo takardu. Sai ga wata mota mai kujera takwas ta shawo kwana ta tsaya a bakin garejin. Ya san ta sarai, tasa ce. Sitaleki ne a sitiyari, a gefensa kuma ga mafici yana kaɗawa.

"Manase. Wa ka gaya wa?"

"Babu kowa! Matata kawai."

"Ka kashe ni." Kelepi ya damƙe masa hannu, ya yi ƙasa da murya. "Ɓata ta. Da yarenmu, kada dattijon ya ji. Ka ce ba ta da kirki, in Gwaggo ta tafi mu gama cinikinmu."

Gwaggo Lesieli ta sauko a hankali, shekara saba'in da huɗu, daga taron matan coci take, da tabarmar ado ɗaure a ƙugu. Kelepi ya rusuna ya sumbaci kuncinta. Ba ta ko dube shi ba. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta shafa kujerar fata da bayan hannu.

"Taka ce?"

"A'a, Gwaggo, dubawa kawai ake yi."

"To." Ta ja baya ta karkata kai. "Kai, amma motar nan..."

"Ruɓaɓɓiya ce, Gwaggo!" in ji Manase da ƙarfi.

Katse gwaggo ba ƙaramin abu ba ne, har Sitaleki sai da ya rufe baki da hannu. Amma Manase ya riga ya shiga, kuma matsalar Manase ita ce yakan yi wa'azi a coci in fasto ya yi tafiya. In ya ga ana sauraronsa ba ya sanin wurin tsayawa. Ya fara da birki, ya ce saura ƙiris ya tsinke. Ya ce tsatsa ta cinye ƙarƙashin, fenti ne kawai ke riƙe da ita. Kelepi ya gyaɗa kai, alamar ya isa haka. Ina! Manase ya ce sitiyarin na iya zarewa a hannun mutum a kan babbar hanya. Ya ce tankin mai na ɗiga daidai kan salansa. Kelepi ya taka masa ƙafa, shi kuwa sai ya ɗaga murya, ya ce a gaskiya ma motoci biyu ne da suka yi haɗari aka yanka aka liƙa, gaba daban baya daban, wata rana a kan gada kowacce za ta kama gabanta.

Neville na gefe yana murmushi, bai ji ko kalma ɗaya ba, a zatonsa yabo ake yi.

Abin da Kelepi bai lissafa ba shi ne Gwaggo ta yi shekara talatin a ɗakin wanki na asibiti, kuma Turancin faɗa ta fi ƙwarewa a kai. Ta naɗe maficinta, ta taka har gaban Neville, ta nuna shi da shi.

"Kai, dattijo da kai, da furfurarka, ba ka tsoron Allah? Akwatin gawa za ka sayar wa ɗan ƙanena?"

Ta jero masa duka, ba ta bar ko ɗaya ba, har da gadar. Murmushin Neville ya gushe. Fuskarsa ta yi ja, ta koma fari fat. Ya dubi Manase.

"Gaskiya ne, aboki? Ɗazu ka ce roba ce kawai."

Manase ya dubi Gwaggo, ya dubi Kelepi, ya dubi silin. "E to... da na sake tunani..."

Neville ya lalubi wata tsohuwar taya ya zauna. "Ranar Talata na ɗauki jikata a cikinta," ya ce. "Shekararta shida. Muka bi babbar hanya tana ta ihu in ƙara gudu." Ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya zaro waya. "Ba zan sayar wa kowa ba. Gara a matse ta in san ba ta kashe ɗan wani ba."

Suna ji ya kira 'yan gwangwan. Suka ce motar da za ta ja ta za ta iso kafin ƙarfe ɗaya.

To fa. In Kelepi ya yi shiru, za a matse motar a banza, kuma wannan bawan Allah zai koma gida da tunanin ya kusa kashe jikarsa. In ya yi magana, sai ya faɗa da bakinsa cewa ya shirya wa gwaggonsa ƙarya. Ya dubi motar, ya dubi dattijon da ke zaune a kan taya. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya durƙusa a kan simintin da ya sha baƙin mai.

"Gwaggo, ƙarya ce. Ni na sa shi. Motar lafiyarta ƙalau." Ya maimaita da Turanci don Neville ya ji. "Tsoro na ji kada ki ce ta yi kyau."

Manase ya tuna yana da aiki a ƙarƙashin wata mota, ya sulale ya shige, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Manase," in ji Gwaggo. "Fito da kanka ka faɗa mini abin da ke damun motar nan."

Murya ta fito daga ƙarƙashi. "Robar gilashi ce, Gwaggo. Dala goma sha biyu."

Ta koma wurin Neville ta ba shi haƙuri da hannu biyu, ta ce yaran nan biyu ba su da tarbiyya kuma laifinta ne. Neville ya daɗe yana kallonsu, sai dariya ta ƙwace masa, har da tari. Ya sake kiran 'yan gwangwan ya ce su sha zamansu. Kelepi ya zo da niyyar neman ragi, amma Gwaggo na tsaye a kansa ya tura kuɗin cif yadda aka sa a talla, aka sa hannu a takardu a kan bonet. Neville ya damƙa masa mukulli ya ce ya riƙa ɗumama inji kafin ya tashi.

Mukullin bai yi minti ɗaya a hannunsa ba. Gwaggo ta ɗora tafinta a kan ƙofar motar, ta dube shi ido cikin ido.

"Motar nan ta yi kyau."

Kelepi ya miƙa mukullin da hannu biyu, kansa a ƙasa. "Taki ce, Gwaggo. Na gode." Hawaye ya cika masa ido, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Sitaleki, wanda tun ɗazu yake zagaya motar yana ɗaukar hoto, ya matso yana washe baki. "Ɗan'uwa, Asabar mai zuwa akwai biki a Blacktown. Ara mini ita mana, awa ɗaya kawai."

Don sabo, bakin Kelepi har ya fara haɗa "to".

"Motar wa kake aro?" in ji Gwaggo.

Sitaleki ya ja baya yana sosa ƙeya.

"Ban ji ba. Motar wa?"

"A'a, Gwaggo, wasa nake yi."

"Ka gaya wa sauran ma su bar irin wannan wasa." Ta jefa wa Kelepi mukullin, ya cafe a ƙirji. "Ni ba ni da lasin, ba ni da wurin ajiye ta. A ƙofar gidanka za ta kwana. Kai ne mai, kai ne wanki. Lahadi ka kai ni coci, Alhamis ka kai ni ganin likita. Sauran kwanakin kuma kada in ji an ce batirin motata ya mutu don zama. Zo ka kai ni gida."

Shigar da ita sai da aka taru: Manase ya riƙe ƙofa, Sitaleki ya riƙe jaka da mafici, Neville na ba da shawarar wace ƙafa za a fara sawa. Da ta zauna ta ce a naɗe rufin, ta ɗaure ɗankwalinta a haɓa.

Suka kama hanya, har suka tsaya a danja ta biyu.

"Ni ka ɓoye wa, Kelepi," ta ce, tana kallon gaba. "Ni da na goya ka ranar da aka binne uwarka. Talabijin da firji ban ce ban ɗauka ba, hakkina ne, gobe ma zan ɗauka. Amma kana ganin ban san jirgin ƙasa kake bi ba? Da motar nan taka ce, da ko sati ba za ta yi a hannunka ba, don kai bakinka bai iya a'a ba. Ubanka ma haka ya mutu, ko keke bai riƙe ba."

Kelepi ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Kuɗinsa na shekara shida ne ya tafi, motar kuma ba tasa ba ce, amma a ransa ya san ba wanda zai sake buga masa waya a kanta. Ya goge ido da kafaɗa. Na baya suka fara danna masa ham.

"To me kake jira?" in ji Gwaggo. "Ta ba da hannu. Taka ta mana, ba gawa ka ɗauko ba."