Bugu Huɗun da Na Soke

A cikin akwatin kayan sanyi muka tsinci littafin kiɗan kakana Eljas, ɓera ya ci gefensa. A ciki har da kiɗan rawar bikin ƙauyenmu, wadda rabon da a taka ta shekara saba'in. Ƙanwata Saimi ta kafe, da ita za a yi bikinta a watan Yuni.

Ni da abokina Tuukka muka zauna, kowa da gogensa. A ƙarshen kowane zagaye sai mu ci karo da wasu bugu huɗu da ba su da wurin zama.

"Kakan nan naka ya ɗan kurɓa kafin ya rubuta wannan," in ji Tuukka.

Kowa ya san Eljas da kwalba, don haka ban yi musu ba. Na sa biro na soke su. Kiɗa ya tafi sumul.

Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta taɓa taka rawar, Goggo Hilja, mai shekara casa'in da ɗaya. In ba ta ce kiɗan nan shi ne ba, to ba shi ba ne. Muka je gidanta, ta dafa mana kofi, muka kaɗa mata.

"Da daɗi," ta ce. "Na wane gari ne?"

"Haba Goggo, namu ne!"

"Ba namu ba ne. Ku sha kofinku."

Sau uku muna komawa. Mu yi sauri, mu ja shi a hankali, amsar ɗaya. Raina ya ɓaci, har na ce wa Tuukka tsufa ne kawai ya cinye ta.

Saura mako guda biki muka yi gwaji a tsohon gidan katakon Eljas, inda za a yi taron. Aka kawo Goggo a kujerarta. Yadda rawar take, kowane zagaye namiji da mace za su fice daga babban ɗaki zuwa tsakar gida. Ƙofar kuwa irin ta mutanen da ce, gajera, don kada ɗumi ya tsere.

Ango ya zo da saurinsa, goshinsa ya daki katakon sama, ƙum! Na bayansa suka hau kansa.

Goggo ta yi dariya har da tari.

"Kai jikan Eljas, ina wurin sunkuyawa? Kakanka ko ya sha ya yi tatul, sai ya jira mutum ya duƙa ya wuce."

Na kai littafin bakin taga, na karanto abin da ke ƙarƙashin tawadata. Muka sake daga farko. Bugu huɗu, ango da Saimi suka duƙa, suka fice lafiya. Ƙafar Goggo ta soma taɓa ƙasa.

"Yauwa," ta ce. "Ga namu."

An yi biki, ba wanda ya fasa kai. Littafin yana wurina. Na gwada duk dabarar da na sani, layin biron nan ya ƙi fita daga kan rubutun Eljas, kuma kunyarsa nake ji duk ranar da na buɗe shafin.