Ranar da Baba Ya Fara Cinye Tuwonsa

Kwanon ya sake dawowa kamar yadda ya tafi. Nana Hafsat ta ɗaga faifan da ta rufe shi da shi, ta ga malmalar tuwon shinkafa zaune daram, ko gutsura ba a yi ba, miyar kuwa an shanye ta tas har da suɗe gefe. Ta dire kwanon a bakin murhu da ƙarfin da ya fi ƙima, ta ce a ranta, to yau ma ke nan.

Mai kwanon surukinta ne, Malam Tanimu, mahaifin mijinta Suhailu. Farkon damina ya iso gidansu na Samaru a bayan motar gawayi, daga shi sai rigar jikinsa da wani rauni a ƙafa, bayan 'yan bindiga sun watsa ƙauyensu da ke can bayan Giwa. Matarsa Inna ba ta fito da rai ba. Aka share masa ɗakin da ke jikin zaure, Suhailu ya zauna aka gama karɓar gaisuwa, sannan ya koma kan babbar motar da yake ja zuwa Kudu, ya bar wa Nana amanar tsohon.

Da fari ta ce baƙin ciki ne, wanda ya ga abin da Baba ya gani ai dole abinci ya fita ransa. To amma wane irin baƙin ciki ne zai shanye miya ya bar tuwo? Kuma ga shi ba ta da bakin tambaya. An horar da ita tun a gidansu cewa suruki ba a kallon idonsa, ba a kama sunansa, ba a zama inda yake zaune. Durƙusawa take yi a bakin labule ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango, ta tura kwano ta ja da baya. Shi ma iyakarsa, "An gode, Allah ya yi albarka." Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu tun da aka kawo ta gidan Suhailu ke nan.

Sai ta ƙara himma. Masallacin unguwa ya raba wa masu gudun hijira shinkafa da taliya da sukari, rabon Baba ya shigo hannunta, ta ce wallahi a cikinsa zai ƙare. Ta dama kunun gyaɗa ta zabga sukari. Ta haɗa shayi mai kauri da burodi. Ta soya funkaso ta tsiyaya masa zuma, abin da ko mijinta sai da salla yake gani. Wani kwanon ya dawo ba a taɓa ba, wani ya dawo babu komai, amma akuyar maƙwabta ta koyi tsayuwa a ƙarƙashin tagar ɗakinsa, kuma akuya ba ta tsayuwar banza. A bayan ɗakin, inda yake zagayawa, kullum da safe sai ta tarar da kiyashi sun yi baƙi a wuri ɗaya. Ta ce a nan yake zubar mini da kunu ke nan.

Abin da ya fi ci mata rai ruwa ne. Ruwan randarta ba ya isarsa, ko kuwa ba ya so, ita dai ganinsa take yi yana ɗingisawa zuwa famfo da butarsa, ya cika, ya sha, ya sake cikawa, kamar wanda ya kwana a gona. Mutumin da ya ƙi tuwonki, ya ɗebi ruwansa da hannunsa, ai ya gama gaya miki abin da yake zato. Baba yana ganin tana zuba masa wani abu.

Ga kuma fitar da yake yi. Lokaci zuwa lokaci sai ya saka tsohuwar rigar Suhailu, ya lallaɓa bakin titi ya hau motar Sabon Gari, ya dawo da la'asar da 'yar ƙullin leda a aljihu. Mutumin da bai san kowa a garin nan ba, wa yake zuwa gani? Nana ta yanke cewa wani malamin duba ne, kuma ta san sunan wa ake bugawa a ƙasa.

Duk da haka da ta haƙura, da a ce ba ramewa yake yi ba. Amma Baba zubewa yake yi a gaban idonta, wuya ya yi tsawo, hula ta yi masa yawa. In ya mutu a haka a gidanta, miji ba ya nan, ita kaɗai ke riƙe da tukunya, ta san abin da za a ce, kuma ta san ba za a daina faɗa ba har jikokinta su ji.

Ba a ma jira ya mutu ba. Yaya Asabe, babbar yayar Suhailu, ta zo daga Hanwa ranar wata Juma'a, ta shiga ɗakin mahaifinta, ta fito tana tafa hannu.

"Ikon Allah! Mutum ya tsira daga hannun 'yan daji da ƙibarsa, ya zo gidan ɗansa ya koma haka? Nana, me kike ba shi?"

"Abin da muke ci, Yaya, har da wanda ba ma ci."

"Wanda ba kwa ci," Asabe ta maimaita a hankali, tana kallon tukwanen da ke kife. "To, Allah dai yana gani."

Kafin magariba Suhailu ya kira daga hanya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Muryarsa a sanyaye ya ce, "Nana, ki gaya mini tsakaninki da Allah, me kike ba Baba?"

Ta kashe wayar ta tsaya a tsakar gida, zuciya ta ciyo ta. Ba za ta iya yi wa suruki magana ba, amma babu wanda ya hana ta yi wa keken ɗinkinta. Ta dafa shi, ta ɗaga murya yadda za ta kai zaure, tana kuka tana faɗa. Ta ce ita dai ta shiga uku, ta dafa an ƙi ci, ta dama an ba akuya, yanzu ga shi an ce ita ke kashe uban mijinta. Ta ce in an ci abincinta an mutu, to a ci a gani, in kuwa ba a ci ba, a wanke ta a gaban mutane. Daga zaure ko tari ba a yi ba.

Washegari kwanon ya dawo wayam.

Ta duba ƙarƙashin taga, babu akuya. Da rana ta kai taliya, ta laɓe a gefen labule, abin da ba ta taɓa yi ba. Ga Baba zaune, yana kai loma baki a hankali, yana haɗiyewa kamar mai shan maɗaci, har ya ga ƙarshen kwanon. Kunu ma ya ɗaga kofin ya shanye. Daɗi ya kama ta har ta kira Suhailu ta gaya masa, ta kuma tabbatar labarin ya kai Hanwa.

Daɗin bai daɗe ba. Tun da Baba ya fara ci sai ya fara lalacewa da gaske. Barci ya riƙa kwashe shi a zaune da rana tsaka, ya riƙa laluben butarsa tana gabansa, wani wari kuma ya fara fitowa daga tsumman da yake ɗaure ƙafarsa da shi. Tsoro ya shiga Nana. Yanzu ko ita da kanta ta fara zargin tukunyarta. Ta wanke randa ta sake ruwa, ta zubar da sauran daddawar da maƙwabciya ta ba ta, ta tuna ranar da Asabe ta tsaya kusa da murhu ita kaɗai. Kowa ta kalla sai ta ga kamar da hannunsa.

Ranar da ta ji shi yana jan ƙafa zuwa titi, ta zari hijabi ta bi bayansa. Ya hau mota, ta tare keke ta ce a bi su. Ko ma wane ne wannan malamin na Sabon Gari, yau sai ta ga idonsa.

A bakin kasuwa ya sauka. Ya ratsa ta layin masu kayan gyaran mota yana dafa bango, ya wuce wani coci, ya shiga wani ƙaramin kemis da aka rubuta sunan Ugo a samansa. Nana ta tsaya a bayan tulin katan-katan tana leƙe. Babu malami, babu faifan ƙasa. Wata mata ce mai gajeren gashi da sarƙar gicciye a wuya ta fito daga bayan kanta da sauri, ta tare shi kafin ya kai ƙasa.

"Baba Tanimu! Me ya same ka haka? Zauna, zauna."

Ta zaunar da shi a benci, ta ɗauko wata 'yar na'ura, ta tsaga masa yatsa ta ɗiga jinin. Da ta kalli abin da na'urar ta nuna sai ta ɗora hannu a ka. Ta durƙusa ta kwance tsumman ƙafar, ta kau da fuska. Nana ba ta san lokacin da ta fito daga maɓoyarta ba.

"Ke kuma wace ce?" matar ta tambaya.

"Matar ɗansa ce."

"Ke ce matar Suhailu? Ni ce Jemimah, ni ke riƙe da ɗakin shan magani na ƙauyensu kafin a kore mu. Baiwar Allah, me kike ba shi?"

Karo na uku ke nan ana yi mata wannan tambayar, amma wannan karon mai tambayar amsa take jira. Nana ta lissafa mata, tun daga tuwon shinkafa har funkaso da zuma. Jemimah tana ji tana girgiza kai.

"Ba ki san yana da ciwon suga ba?"

Nana ta tuna ruwan da yake ta sha, da kiyashin da ke taruwa inda yake fitsari. Jemimah ta ci gaba da magana tana haɗa auduga, da faɗa-faɗa, irin na wadda ta gaji. Ta ce shekara da shekaru tana ba shi ƙwayoyinsa, daga ita sai Inna suka sani, Inna ce ke yi masa tukunyarsa daban. Ranar da aka shigo musu, maganin da ta iya kwasowa a jakarta shi take ta gutsura wa mutanenta, masu suga da masu hawan jini, duk wanda ya ji inda take ya lallaɓo. Ba ya isa, ta sha gaya masa ya je babban asibiti, ya ce in ya je yaransa za su sani, shi kuwa ba zai zo gidan ɗa hannu biyu ya kuma ce a ɗora masa tukunya ta biyu ba.

"Amma yana kiyayewa," in ji Jemimah. "Yana ramewa, amma yana tsaye da ƙafarsa. Baba, ka san abin da shinkafa da sukari ke yi maka, ni na gaya maka, Inna ta gaya maka. Me ya sa ka ci?"

Malam Tanimu bai kalli kowa ba. Idonsa na kan kwalaben da ke jere a bango, ya yi magana da ƙyar, harshensa a bushe.

"An ce yarinyar nan tana cuta ta. Na ga in na ci za a ƙyale ta."

Nana ta toshe bakinta da gefen hijabi. Kunya da tausayi da haushin kanta suka taru mata, ta tuna yadda ta yi ta murna tana kirga kwanonin da suka dawo babu komai.

Mai kemis ɗin ya tsayar musu da keke, Jemimah ta rufa musu baya har asibiti. Likitoci sun ceci ransa, amma ba su ceci ƙafar duka ba, sai da suka cire yatsu biyu da wani sashe na tafin. Suhailu ya baro motarsa a hanya ya taho, ya tsaya a bakin gado ya kasa haɗa ido da matarsa. Asabe ta zo da fulas ɗin kunu, ma'aikaciyar jinya ta sa ta mayar da shi, ta zauna a waje tana ta sharar hawaye, ba ta ba Nana haƙuri ba, Nana ma ba ta nema ba.

Ana gobe za a sallame su, ma'aikaciyar ta yi wa Nana bayanin abin da zai ci da abin da ba zai ci ba, da yadda za a riƙa karɓar maganinsa a nan tunda ƙauye babu komawa yanzu. Nana ta saurara, amma ta san bayanin asibiti daban, abin da tsoho zai iya haɗiyewa daban. Mutum ɗaya ce ta san wannan, ita kuma tana kwance a ƙauyen da babu mai iya zuwa.

Suhailu ya fita salla. Nana ta daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ta jawo kujera ta zauna a gefen gadon, dab da shi. Tsohon ya juyar da kai bango kamar yadda ya saba.

"Baba," ta ce, "ka gaya mini abin da Inna take dafa maka."

Bai juyo ba. Can ya ce, "Wake take jiƙawa. Da zogale, ta sa ƙuli kaɗan. In an samu acca, ta tuƙa mini 'yar ƙarama, ta ce wai ta fi tuwon kowa a garin, alhali kullum sai ta yi gudaji..."

Maganar ta tsaya a nan. Kafaɗunsa suka fara girgiza, mutumin da ko ranar da ya iso a motar gawayi ba a ga hawayensa ba. Nana ba ta tashi ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba. Ta zauna tana jira ya gama, don akwai sauran abincin dare da bai faɗa mata ba.