Sunan da Malam Badaru Ya Manta

"Ashirin da ɗaya," Malam Badaru ya ce, ya saki yatsunsa a kan zanin gado. "Aƙilu, su ashirin da biyu ne. Sake saurara."

Karo na huɗu ke nan tun hantsi da yake jero min sunayen 'yan ajinsu na sakandare da suka rasu, ni kuwa na bar keken ɗinkina da wandon mutane ƙafa ɗaya a ɗinke. Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da gidansa a nan Karaye, shekara ashirin da biyu muna tare, to in matarsa Hajiya Lantana ta ƙwanƙwasa katangar nan da muciya ba ni da ta cewa sai in taso. Sati biyu ke nan da aka dawo da shi daga asibiti a Kano, likitoci sun ce hantar ta gama, a kai shi gida a yi ta addu'a. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Amma ba ciwon ne ya hana shi sakat ba.

Tun da ya yi ritaya daga aikin malamin gona ya ɗauki wata ɗabi'a. Kullum bayan sallar asuba sai ya kira 'yan ajinsu da suka riga shi, kowa da sunansa da na ubansa kamar yadda ake kiran su a rajista, ya roƙa musu gafara. In ya zo kan na ƙarshe sai ya ce "da Gwado", ya shafa ya tashi. Shekara da shekaru haka yake yi, abin bai taɓa damun sa ba, sai yanzu da ya kwanta.

Shi wannan Gwado yaro ne ɗan ƙauye. Ranar da suka shiga makarantar kwana kowa ya zo da bargonsa na kanti, shi kuwa ya zo da gwado, irin mai kaurin nan saƙar hannu. Malam Badaru, a lokacin ɗan gari mai bakin tsiya, ya tsaya a tsakiyar ɗakin kwana ya ce jama'a a ba da hanya ga Gwado ya iso. Aka kwashe da dariya, sunan kuwa ya bi yaron har bakin malamai. Suna aji uku, a hutun bazara, sanƙarau ya ɗauke shi a ƙauyensu. Shi ne na farkon rasuwa a ajin, kuma yau an wayi gari ba mai tuna sunansa na yanka.

Na ce masa haba Malam, ai Allah ya san wanda kake nufi. Liman ma da ya zo dubiya abin da ya faɗa masa ke nan, har da ƙarin bayani.

"Allah ya sani," ya ce. "Ni ne ban sani ba. Ubansa ya yanka rago ya raɗa masa suna, ni na ƙwace da dariya ɗaya. Yanzu in na je na tarar da shi me zan ce? Sannu Gwado?"

Ba yadda ba a yi ba. 'Yarsa Kausar ta tura tambaya a zauren wasaf na tsofaffin ɗalibai, aka yi ta Allah ya ji ƙan Gwado, wani ya ce Musa ne, wani ya rantse Isa ne, kafin la'asar sun koma gardamar siyasa. Mijinta ya je makarantar, aka ce masa rajistar waɗancan shekarun gara ta ci tuntuni. Mutum ɗaya ya rage, Alhaji Ɗanmaliki da ke Rogo, wanda shi ne monitan ajin, shi kuma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya magana a waya.

Ni dai gaskiya ban yi niyyar zuwa ba. Mutum na fama da ransa, maimakon a bar shi da kalmar shahada ana neman sunan yaron da ya rasu tun ina tallan ƙosai. Haka na faɗa wa Hajiya Lantana a tsakar gida, ban rage murya ba. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce min dai kwana biyu ko kunu bai sha ba, kuma yau da asuba ta tsince shi a faɗe a bakin ƙofa da hularsa a kai, wai Rogo zai tafi. Na ji kunya ta kama ni. Washegari da sassafe na rufe shago na buga babur.

Na tarar da Alhaji Ɗanmaliki a zaure an jingina shi da filo biyu. Ina ambaton Gwado ya fara dariya da rabin baki, dariyar ta yi ta yi har ta koma kuka, sai da ɗansa ya share masa fuska. Sunan dai bai zo ba. Ya lumshe ido ya fara kiran rajista da kansa, ya kai mutum shida ya ɓace, ya sake farowa. Na zauna ina kaɗa ƙafa, wayata na ta ruri a aljihu. Kausar ce, wai Baba ya daina yawan magana, abin da yake tambaya kawai ko Aƙilu ya dawo.

Har na miƙe zan yi sallama sai Alhaji ya riƙo min riga da hannun mai lafiya. Da ƙyar na fahimci abin da yake faɗa. An taɓa zuba su a motar makaranta an kai su ta'aziyya, ƙauyen yana bayan garin Turawa, kuma uban yaron masaƙi ne, don a gindin wata bishiya suka same shi zaune kusa da masaƙarsa. Wato Turawa da ke nan kusa da mu, ni kuma na ƙona mai har Rogo. Na yi godiya dai, amma a hanya ni kaɗai na yi ta masifa.

Sai bayan azahar na isa Turawa. Na sami dattawa a inuwar masallaci na tambaye su gidan masaƙin da ɗansa ya je sakandare ya rasu da sanƙarau. Suka ce masaƙa ai sun ƙare, yanzu wa ke rufa da saƙi? Suka shiga lissafa matattu suna musu a tsakaninsu, ni kuwa kamar in janyo maganar daga bakinsu. Can wani mai makantar ido ɗaya ya ce ko dai Malam Sabi'u ake nufi. Ya rasu da daɗewa, gidan ya watse, amma akwai babbar 'yarsa Saude tana nan da ranta a wani ɗan ƙauye gaba kaɗan. Sunan yaron fa? Ya ce shi dai ya san ana ce masa ɗan boko.

Hanyar ta cikin gonaki ce, ana ta cirar gyaɗa. Sau biyu babur yana nutsewa a yashi ina sauka ina turawa. Na sami Saude a ƙofar gida a kan tabarma, tsohuwa ƙanƙanuwa, ta sa ƙwarya a gaba tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa muka shiga gaisuwa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ta tambayi mutanen Karaye, ta tambayi yadda damina ta yi mana, ta dawo kan gajiya. Duk na amsa, ba wadda na tsallake, amma zuciyata tana can kan gadon Malam Badaru. Da ta numfasa na ce Iya, wata tambaya ce ta kawo ni, ƙaninki da ya rasu yana makaranta, mene ne sunansa?

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

"Abdulmumini," ta ce. "Ɗan nan, wa ke neman Abdulmumini bayan shekara kusan hamsin?"

Na ce wani abokinsa ne na makaranta ba shi da lafiya, yana son ya yi masa addu'a da sunansa. Abokinsa na ce, Allah ya yafe min.

Na zaro waya, amma tsohuwa ta riga ta ɓalle da labari, ba halin in katse ta. Ta ce shi ne yaro na farko a duk ƙauyukan nan da ya ci jarrabawar sakandare. Babansu don murna ya ajiye aikin kowa, ya yi wata biyu yana saƙa masa gwado da zaren da innarsu ta kaɗa da hannunta, ya ce ɗansa ba zai ji sanyi a garin mutane ba. To da yaron ya zo hutun farko sai ya dawo da gwadon, ya ninke ya ajiye, ya ce an raba musu barguna a makaranta. Sai bayan rasuwarsa suka ji ba a raba komai ba, haka ya yi shekara biyu da rabi yana kwana da rigar jikinsa. Babansu har ya koma ga Allah yana tambayar ko saƙar ce ba ta yi kyau ba.

"Ko nauyi ya yi masa," ta ce. "Ka san shi ba ƙarfi ne da shi ba."

Na sunkuyar da kai na ce wataƙila. A nan na ƙudura cewa wannan labarin ba zai bi ni Karaye ba, kuma har ga Allah a lokacin haushin Malam Badaru nake ji, ina kuma jin tausayinsa.

Sabis ya ƙi. Na zaga bayan gida, na dawo, na hau kan wani tudu a bakin gona ina ɗaga waya sama. A kira na biyar ta shiga. Kausar ta ce numfashinsa ya canja, in yi sauri. Na ce ba saurin da zai kawo ni, ta kara masa wayar a kunne.

"Malam, Aƙilu ne. Abdulmumini. Abdulmumini Sabi'u."

Ba abin da nake ji sai numfashi mai nauyi. Na maimaita da ƙarfi har masu cirar gyaɗa suka ɗago suna kallona. Can na ji muryarsa, siririya, kamar daga cikin rijiya.

"Abdulmumini Sabi'u. Na bakwai a rajista. Gadonsa na bakin taga." Sannan ya ce, "Kausar, ɗaga min hannuwana."

Daga nan layin ya yanke. Na sauko na koma wurin tsohuwa. Ta sa an kawo min ruwa a kwanon sha, ta ƙulla min gyaɗa a leda ta ce in kai wa mara lafiya ko a kunu a dama masa. Ina cikin ɗaure ledar a bayan babur wayar ta sake ƙara. Tun kafin Kausar ta yi magana na ji kukan Hajiya Lantana a bayanta. Ta ce ya kira su duka ashirin da biyun bai tsallake kowa ba, ya shafa, ya yi kalmar shahada, bai ƙara cewa komai ba.

Na yi salati na zauna a ƙasa a gefen babur. Ni da na zo ina masifa, hawaye suka ƙi tsayawa.

Iya Saude ta bar ni sai da na share fuska, sannan ta ture ƙwaryar gefe.

"Shi abokin nasa, yaya sunansa?"

"Badaru."

"Badaru ɗan wa?"

"Badaru Sulle."

Ta faɗa a hankali sau biyu don ya zauna mata. Sannan ta gyara lulluɓinta, ta ɗaga tafukanta sama, jan ɓawon gyaɗa na manne a yatsunta.