Hannun Rigar Rayan

Kanta ɗaya kaɗai ke da kaya a shagon Hashim, sauran gizo-gizo ya gaje su. Tun da yaƙi ya ratsa yankin Jazira aka wawashe kasuwar garin Hajj Abdalla, sai bana Hashim ya dawo ya gyara ƙofa, ya jera ɗan abin da ya samo daga birnin Madani: zaren ulu baƙi, da ja, da ruwan toka.

Da hantsi keken jaki ya sauke Inna Rabi'atu. Duk ƙauyukan bakin magudanar ruwa an san ta da saƙa, an kuma san ta da baki. A da idan ta shigo shagon nan sai Hashim ya yi gumi. Takan ɗaga farin zare biyu ta ce wannan farin madara ne, wancan farin auduga, kada ya raina mata hankali. Yau kuwa sai da ta lalubi bakin ƙofa kafin ta shigo.

"Hashim, ashe kana raye? Barka da arziki."

"Alhamdu lillahi, Inna. Ina su Salwa?"

"Suna garin Kasala tun gudun da anka yi. Ni dai na ce ba ni barin ɗakina."

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da rigar sanyi ta yarinya. Ta Rayan ce, jikarta, 'yar Salwa. Kafin yaƙi yarinyar ta zaɓi zaren da kanta a nan shagon, kore shar irin na ganyen auduga. Da aka rabu, Rayan ta yi ta girma a can nesa, kakarta kuma ta warware rigar ta ƙara mata faɗi, har zaren ya ƙare saura hannu ɗaya.

"Almu direba zai tafi Kasala ran Juma'a, ga sanyi ya matso," in ji ta. "Koren nan nika so, ba ɗan'uwansa ba. Na yi mata alkawari."

Hashim ya shimfiɗa rigar a kan tebur. Wuya da ƙirji kore ne, saƙa ƙulle tsaf irin wadda ya sani. Daga ciki zuwa ƙasa saƙar ta fara zubewa, ga ramuka nan da can. Hannun da ta gama kuwa ruwan ƙasa ne gaba ɗaya. Ya ɗago ya dubi fuskarta, ya ga farar yana ta kwanta a idanunta biyu. Tausayi ya kama shi har ya rasa inda zai sa nasa idon.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Inna. Kore bai zo ba."

Ba ta ko saurare shi ba. Ta bi kantar da hannu, ta ɗauko dunƙule ɗaya na ruwan toka, ta koma bakin ƙofa inda rana take. Ta jima tana kara shi da rigar, kusa da hancinta.

"To wannan mi ne ne? Wa kaka ɓoye ma shi?"

Hashim ya dubi dunƙulen da ke hannunta. Tsohuwa ce ita kaɗai a gida, saƙar nan ce ke kai ta daga asuba zuwa magariba, idan ya faɗa mata gaskiya ya raba ta da ita ke nan. Rigar kuwa za ta isa Kasala. Salwa na buɗe ƙunshin za ta ga abin da ya gani, wataƙila ta biyo Almu ta zo.

"Shi ne, Inna," ya ce a hankali. "Ban lura ba."

Ta yi dariya irin ta da, ta ƙulle zaren tare da rigar a bakin mayafi.

"Ka tafi a duba maka idon nan, Hashim, tun kana da sauran ƙuruciya."

Ta miƙa hannu tana neman bakin ƙofa.