Salansar da Rabi Ta Zaɓa

Duk wanda ya zauna Kurfi ya san motar Malam Usaini ƙirar bitil, ko da bai san mai ita ba. Shuɗiya ce a da, yanzu rana ta sha fentin. Injinta a baya yake, ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Tana kuma da murya tata ta kanta, gurnani da ɗan fito a ƙarshe, kamar tsoho mai giɓi yana karatu. Tun Usaini na direban ƙaramar hukuma ya saye ta. Shi ya yi ritaya, ita ba ta yi ba.

To, muryar nan da ita matarsa Rabi ke rayuwa tun da idonta ya tafi. Ranar da duk ya je Dutsin-Ma sarin maganin feshi na ɗan shagonsa, ba ta iya kai loma baki sai ta jiyo motar ta shigo gari. Kowa dai ya san yadda hanya ta koma saboda 'yan bindiga. Da ta ji, sai ta yi hamdala, ta laluba ta buɗe kwano.

Sai tsatsa ta gama da salansar, ta faɗo a titi. Ɗansu na fari, Abdullatif, ya aiko da sabuwa daga Kano, mai sheƙi, marar ƙara kamar ta motar manya. Dickson, makanikensa na Dutsin-Ma, ya ɗaura. Usaini ya dawo yana jin kansa, ya ajiye mota, ya yi sallama. Ya tarar da Rabi tsaye tsakar gida da hijabi, ta sa takalmi a juye, tana laluben hanyar zaure. La'asar ta wuce, abinci na nan a rufe.

"Malam? Da mi ka zo?"

"Da motata mana."

"Ban ji ta ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ya kama hannunta ya mayar da ita ciki.

Da safe ya ce ta shirya, za su Dutsin-Ma.

"Asibiti kuma?"

"Gareji."

Dickson mutumin Filato ne, amma ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida. Da ya ga Usaini na fito da tsohuwa daga mota, ya goge hannu ya rusuna.

"Sannu Mama. Baba, yau sufeto ka kawo mini?"

"Mai motar na kawo maka. Ni direba ne."

Dina, matar Dickson, da ke sayar da abinci a gefen garejin, ta zaunar da Rabi a inuwar rumfarta. Usaini ya ja Dickson gefe ya gaya masa abin da ya faru jiya. Dickson bai yi dariya ba. Ya shiga ciki ya jawo salansa biyu ya zube. Ɗaya 'yar Kwatano ce, asalin ta bitil. Ɗayar kuwa, Jibo mai walda ne ya ƙera ta, baƙa, ga tabon walda ko'ina.

"Baba, 'yar Kwatanon nan ita ce ta gidansu. Ta Jibo ma na gwada, ba ta shaƙe inji, ba zai yi maka zafi ba. Sai dai baki gare ta. Unguwa za ka tayar."

Aka ɗaura 'yar Kwatano. Da aka tayar, zuciyar Usaini ta yi sanyi, don har ɗan fiton nan yana nan. Rabi ta karkata kai.

"Ta yi kama. Malam, tafi da ita can nesa ka dawo."

Ya tafi har wajen kasuwa ya juyo. Da ya tsaya ta ce, "Sai da ka zo gindin mai facin nan na ji ka. A sa ɗayar."

Sai da aka jira ƙarfe ya huce. Suka yi azahar, Dina ta kawo shinkafa da wake, Rabi ta ci kaɗan ta ce gishiri ya yi yawa, Dina ta ce likita ma haka ya ce da mijinta, shi ya ƙi ji. Da aka tayar da ta Jibo, awakin da ke kwance ƙarƙashin wata matacciyar bas suka watse. Usaini ya runtse ido. Shi mutum ne da ko rediyo ba ya ƙure wa murya, yana kuma hango bakin 'yan majalisarsu. Haka ya ja ta ya tafi.

Dina na ta leƙen hanya ba ta ga komai ba, Rabi ta ɗaga yatsa.

"Ga shi nan ya juyo."

An jima sosai kafin bitil ta ɓullo.

Usaini ya fito ya tsuguna gabanta. "Hajiya, wannan fa ba muryarta ba ce."

"Kai taka ta samartaka ce har yanzu? Na daina gane ka?"

Dickson ya juya baya yana tari.

Ta rage murya. "Ni ba daɗin ji nake nema ba, Malam. Waccan sai ka iso. Wannan tun kana bayan gari zan san an sako mini kai lafiya. Abin da ke tsakani, ni na san tsawonsa."

Usaini ya kalli takalminta. Can ya ce, "Yaron nan na Kano fa? Zai ce an raina kyautarsa."

"Ni na haife shi, ni zan gaya masa. Ka dai naɗe masa kayansa da kyau."

Usaini ya miƙe. "Dickson, ɗaure ta tamau."

Da suka isa Kurfi ya kai ta har kan tabarmarta, amma ba ta bar shi ya cire hula ba. Ta ce ya koma bayan gari ya sake shigowa, tana so ta koyi muryar daga inda take zama. Ya fita, ya wuce gidajen ƙarshe, ya ƙara gaba har cikin gonakin dawa, sannan ya juyo ya ba ta wuta.

A bakin masallaci Sodangi mai goro ya toshe kunne ɗaya. "Malam Usaini, injin niƙa ka ɗauro mata?"

Usaini ya ɗaga masa hannu bai tsaya ba.

"Yi haƙuri, Sodangi. Ba da kai take ba."