Tef ɗin Tela

"Ja shi sosai, Yaya, kada ki yi mini alfarma."

Na ja tef ɗin ya zagaye cikinta, na haɗa bakinsa daidai cibiya. Tana tsaye a tsakiyar ɗakinta ta ɗage riga, idonta a sama, ba ta son ta leƙa. Ƙarƙashin ƙafafunmu duk guntayen yadi ne da zare.

"Nawa?"

"Ya wuce fil ɗin da rabin inci."

Ta saki numfashi. Ta karɓi tef ɗin, ta zare ɗan fil ɗin da take sokawa a jikinsa, ta matsar da shi gaba. "Kin gani ko? Wai ba ya girma. Shekara nawa ina awon mutane, yau a ce ban san abin da ya ƙaru ba?"

Maƙwabciyata ce. Bango ɗaya ya raba mu, famfo ɗaya muke ɗiba, igiya ɗaya muke shanya. Kowa a layinmu Tela yake ce mata, har mijinta. Ni kitso nake yi a ƙofar ɗakina, ita kuma ƙarar kekenta ce agogona. Na girme ta, shi ya sa take ce mini Yaya, kuma ni ce mai gaya mata gaskiya ko ba ta tambaya ba. An daɗe ana cewa bakina ba shi da linzami, ban taɓa musu ba.

Wannan ne cikinta na uku. Biyun farko ba su zauna ba. Wannan ya zauna har ya shiga wata takwas, mun fara sakin jiki, sai wata ranar awo nas ta sa tef ɗinta, ta sake sawa, ta kira likita. Aka yi hoton ciki. Likita ya ce abin da ke cikin bai kai girman watanninsa ba. Ya ce dalilai suna da yawa: ko mabiyiya ce ba ta kai masa abinci yadda ya kamata, ko kuma matsala ce a ƙwayoyin halittarsa, irin wadda wani lokaci ake gado. Idan ana son a sani, sai a ɗebi ruwan mahaifa da allura a aika gwaji, sakamako kuma yakan ɗauki makonni.

Ni na raka ta, don mijinta direban babbar mota ne, yana hanya. Da ta ga tsawon allurar sai ta damƙe hannuna ta ce, "Yaya, yau allura za ta rama abin da nake yi mata." Muka yi dariya, dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Da aka gama likita ya ce mata, "Za mu kira ki idan sakamako ya fito. Amma kada ki fasa zuwa awo, jininki ya ɗan hau. Idan kika ji ciwon kai mai tsanani, ko kika ga kina kumbura, ki taho nan take."

Ni na ji maganar duka. Ita farkonta kawai ta ɗauko.

Kalmar gadon nan ce ta hana ta barci. Direba ya gaya wa uwarsa, uwar kuwa ta bugo waya. Ina tsakar gida ina wanke mataji na ji muryarta ta cika ɗakin: "Mu dai a zuri'armu ba a taɓa haifar nakasasshe ba. A bincika can." Tela ta ce, "To, Inna," ta ajiye wayar. Ranar kekenta bai yi motsi ba har rana ta faɗi.

Washegari ta ɗinka wata 'yar riga ruwan ƙwai bisa awon da likita ya faɗa, ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Ta nuna mini tana hawaye. Daga nan kuma ta fara auna kanta, ta daina zuwa awo.

"Duk ranar da na je sai na dawo da kuka," in ji ta. "Su daga sama zuwa ƙasa suke sa tef. Wa ya taɓa auna ciki haka? Ciki zagaye ake yi masa, tambayi kowane tela."

"Su ba riga za su ɗinka miki ba."

"Ba zan koma ba sai sun kira. In je da sakamakona a hannu, in san abin da zan ce wa Inna."

Wayarta kuwa kullum tana kan keken, kusa da almakashi. Ko banɗaki za ta shiga sai ta miƙo mini ita. Fil ɗin yana ta matsawa gaba, ita tana ta murna. Har ta ninke 'yar rigar nan ta tura ƙasan akwati, ta ce, "Wannan ta yi masa kaɗan yanzu."

Ni ba cikin nake kallo ba, ƙafafunta nake kallo. Silifas ya daina shiga, sai dai ta taka keke da ƙafa tsirara. Zoben hannunta ya nutse cikin nama. Ranar da ta zauna gabana zan yi mata kitso, ina tsaga gashin ta kama hannuna.

"A hankali, Yaya, kan nan kamar ana sara shi. Har wasu 'yan taurari nake gani."

Na leƙa fuskarta. Idanun sun shige ciki, kumatun sun yi suntum. Na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa.

"Ke, wannan ba girma ba ne, kumburi ne. Tashi mu tafi asibiti."

"Kowace mai ciki tana kumbura."

"Na haifi huɗu, kada ki koya mini. Abin da likita ya faɗa ke nan, da kunnena na ji. Tef ɗinki ruwa yake aunawa."

Sai ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "Yaya, don Allah ki bar ni da ɗan farin cikina. Shi kaɗai gare ni."

Wallahi na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, ban san wanda ya fi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi barazanar zan kama ta in sa a mota. A gabanta na kira Direba. Ya ce yana dab da sauke kaya, da ya dawo shi da kansa zai kai ta. Ta ce ta yarda, da ya iso za su tafi. Wanda bai ji bari ba, an ce zai ji hoho, amma ban faɗa mata wannan ba, na dai ƙarasa kitson ina huci.

Bai riga ya iso ba. Da hantsi ina kan wata mata, na kitse rabi, keken Tela yana ta sururu, sai ya tsaya a tsakiyar layi. Na san tsayawarta idan za ta juya yadi, wannan ba ita ba ce. Sai na ji ana dukan bango, bugu a kan bugu. Na yar da mataji na ruga. Tana ƙasa tsakanin keke da bango, jikinta yana jijjiga, diddigenta ne yake dukan bangon.

Mai shagon bakin layi ne ya kai mu a motarsa. Kanta yana kan cinyata, ina kiran sunanta, ba ta san ina yi ba. Da muka isa asibiti suka shiga da ita tiyata suka ciro 'ya mace, suka sa jaririyar a kwalba. Tela ba ta farka ba. Direba ya iso da ƙurar hanya a jikinsa, ya zauna gefen gadon yana riƙe da hannun mai zoben. Washegari da rana Tela ta cika. Likita ya ce hawan jini ne na masu ciki, kuma shi ne tun farko ya hana mabiyiya ciyar da yarinyar.

Bayan an kai Tela makwancinta, Direba ya tare a barandar ɗakin jarirai. Ni nake kai masa abinci, ina dawowa da shi yadda na kai. Wata rana muna zaune, Inna ma tana nan, sai wayar Tela ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ɗauka, ya saurara, ya miƙo mini.

"Yaya, ki ji. Ni ban gane ba."

Wata mata ce daga wurin gwaji, muryarta cike da fara'a. "Sakamako ya fito, babu komai. Ƙwayoyin halittar jaririn lafiya lau. A ce mata ta kwantar da hankalinta, ta ci gaba da zuwa awo."

Na ce na gode. Na maimaita musu.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Ai dama na faɗa."

Maganganu sun cika mini baki. Na dubi Direba, ya sunkuyar da kai yana juya wayar a hannu, sai na haɗiye. Na tashi na koma gida.

Ɗakinta yana nan yadda muka bar shi. Yadin da take ɗinkawa yana ƙarƙashin allura, tef ɗin yana rataye a ƙusa da fil ɗinsa. Ban taɓa shi ba. Na buɗe akwatin, na tono 'yar rigar nan ruwan ƙwai, na koma da ita asibiti.

Nas ta girgiza kai. "Ba a sa musu kaya tukuna, Anti. Numfashin ma da ƙyar take yi. Sai dai addu'a."

"Bari in gwada mata kawai."

Ta matsa ta ba ni wuri. Yarinyar tana kwance cikin wayoyi, ƙirjinta yana ɗagawa yana komawa. Na warware rigar na shimfiɗa ta a saman kwalbar, na daidaita wuyan da wuyanta, na gyara kafaɗun yadda na sha ganin uwarta tana yi. Gindin rigar ya wuce 'yan ƙafafunta.