Dokar Ciyaman

A kotu Eh-ko-A'a ake ce masa. In Barista ya miƙe ya gyara baƙar rigarsa, ya ce wa mai shaida, "Ba labari na tambaye ka ba, eh ko a'a?" to sai ka ga maƙaryaci ya fara neman ruwan sha. Yayarsa, wadda ta raine shi, takan ce ko gaisuwa aka yi masa sai ya nemi hujja.

Abin da ya kai shi siyasa ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsu tela ne, aka kama shi bisa zargin sayen yadin sata, ya zauna jiran shari'a a gidan yari har ya rasu bai ga fuskar alƙali ba. Saboda haka da Barista ya ci kujerar majalisa, ƙuduri ɗaya ya sa a gaba: duk wanda aka tsare a kai shi gaban alƙali cikin mako guda, ko a sake shi.

Ƙudurin ya maƙale a hannun Ciyaman na kwamitin shari'a, wani dattijo mai son girma wanda ba ya cewa a'a, sai dai "a ƙara nazari". Ranar zaman kwamiti, a ɗakin nan da fankarsa ta fi ƙara a kan iska, ya sake faɗin haka. Barista ya miƙe, hannunsa ya kai ga gyara rigar da ba ta jikinsa.

"Ranka ya daɗe, ka karanta ƙudurin?"

"To, ai ma'aikatana suna..."

"Eh ko a'a?"

Tambaya ta bi tambaya, har ta fito fili cewa Ciyaman ko bangon takardar bai buɗe ba. 'Yan jarida suka sha dariya. Barista ya zauna yana jin daɗin kansa, ya manta cewa a kotu mai shaida ba ya yanke hukunci, a nan kuwa alƙalin ne ya titsiye. Ciyaman ya share gumi ya ɗage zaman sai baba ta gani.

Da yamma Barista ya iske yayarsa a falonta tana ninke kaya, talabijin na maimaita abin.

"Auta, ka tsinka dattijo gaban jikokinsa, kuma kana jiran ya sa maka hannu?"

"Yaya, ai gaskiya na faɗa."

"Ka faɗa. An saki wani? Eh ko a'a?"

Ya tashi ya tafi, tambayar na bin sa.

Washegari ya zauna a bencin baƙi na ofishin Ciyaman har ƙafarsa ta yi tsami. Da aka shigar da shi ya ba da haƙuri, sannan ya ce zai janye ƙudurinsa, Ciyaman ya kawo shi da sunan kansa. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, yana neman inda tarkon yake, bai samu ba.

Haka doka ta wuce, jaridu suka raɗa mata Dokar Ciyaman. Da zaɓe ya zagayo, abokan hamayya suka yi ta tambayar jama'a me Barista ya tsinana a majalisa ban da surutu. Ya sha kaye. Abin ya ƙona masa rai, bai kuma ɓoye ba.

Ya koma ga baƙar rigarsa. Shari'arsa ta farko ta wani makanike ce da aka tsare aka manta da shi. Yayar Barista na zaune a bencin baya lokacin da ya miƙe.

"Ya mai shari'a, bisa tanadin Dokar Ciyaman," ya ce, "ina roƙon a saki wannan bawan Allah."

Alƙali ya duba, ya ba da umarni a sake shi nan take.

A bakin ƙofar kotu makaniken ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Barista, in ka ga Ciyaman ɗin nan, ka ce Allah ya saka masa da alheri."

"Zan gaya masa," in ji Barista.

Yayarsa ba ta ji su ba. Makaniken take bi da kallo yana tsallaka titi, takalmansa a hannu, ya nufi gida.

"Auta," ta ce, "da a ce akwai dokar nan a lokacin, da haka Baba zai fito."